Kiɗan da ka tsinta a kwamfuta, naka ne? Fashin baƙi kan samfurin sauti da lasisinsa

Wa ke da kiɗan waƙa? Wanda ya zauna gaban kwamfuta ya haɗa shi, ko mawaƙin da ya biya kuɗin situdiyo, ko kuwa wani can a Mumbai ko Landan da ba a taɓa gani ba, amma sarewarsa ce ke tashi a farkon waƙar? Tambayar ta daɗe a kwance a Kano ba mai tashin ta. Sai da kuɗin waƙa ya bar kaset da faifan CD ya koma YouTube da Audiomack da TikTok, sannan aka fara jin mawaƙa na kukan an kama musu waƙa, an toshe ta, ko an karkatar da kuɗinta zuwa aljihun wani kamfani.

Kwanakin baya na raka ɗan ƙanwata wani situdiyo da ke lungu a bayan titin Gidan Zoo. Ɗaki ɗaya ne, an manne bangonsa da soso, ga fiyano Yamaha a kan benci, ga laftof, janareto na ta ruri a waje. Yaron ya saki waƙa, ta fara ɗan tashi, sai saƙo ya shigo masa cewa wani kamfani ya yi iƙirarin mallakar wani sashe nata.

"Oga, wai sun ce kiɗan nan ba namu ba ne."

"Kamar yaya ba namu ba? A gabanka fa na buga shi."

"Sarewar farkon nan suke nufi."

Mai kiɗan ya buɗe wata folda mai ɗauke da ɗaruruwan sautuka, ya danna ɗaya, sarewar ta fito ita kaɗai. Ya juyo gare ni ya ce, "Kawu, ka ji fa. Abin da bai kai numfashi biyu ba. Tun ina yaron shago ogana ya tura min ita a filashi, kuma kowa a layin nan yana da ita."

Gaskiya ya faɗa, kuma a cikin gaskiyar tasa matsalar take.

Mene ne samfur?

A bakin masu haɗa kiɗa, samfur shi ne yankin sautin da aka riga aka naɗa, aka yanko aka dasa a cikin sabon kiɗa. Yana iya zama bugun ganga guda, ko tafi, ko guɗa, ko ɗan zagayen kiɗa na sakan huɗu da ake sa shi ya yi ta maimaita kansa, wanda suke kira lup. Da wuya ka samu waƙar situdiyon zamani da babu su, tunda yanzu ba makaɗa ake tarawa a ɗaki ba, mutum ɗaya ne da fiyano da kwamfuta.

Wasu sautukan tare suke zuwa da fiyanon ko manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio, kuma don a yi waƙa da su aka sa su. Waɗannan ba su cika jawo rigima ba, in dai manhajar saya aka yi, ba fasasshiya ba ce. Wasu kuma a ƙunshe ake sayar da su a intanet, kowane ƙunshi da sharuɗɗansa. Sai waɗanda aka yanko kai tsaye daga waƙar wani da ta riga ta fita kasuwa. Nan ne gizo ke saƙa.

Waƙa ɗaya, haƙƙi biyu

Dokar da ke aiki a Najeriya ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Kamar dokokin yawancin ƙasashe, ta raba abin da kunne ke ji gida biyu. Akwai waƙar kanta, wato kari da baitoci, wadda haƙƙinta ke hannun wanda ya ƙirƙira. Akwai kuma naɗin, wato ainihin sautin da na'ura ta ɗauka a wannan rana da waɗannan makaɗa, wanda sau da yawa yana hannun kamfani ko wanda ya ɗauki nauyin aikin. Babu wanda ke buƙatar rajista kafin haƙƙinsa ya tabbata. Da zarar an naɗa ko an rubuta, haƙƙi ya hau.

Tsawon ransu ma ba ɗaya ba ne. Waƙa tana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, naɗi kuwa shekara 50 daga fitarsa. Ɗauki Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Naɗin da aka fitar masa a 1972 wa'adinsa ya cika a ƙarshen 2022, wanda aka fitar a 1985 kuma sai ƙarshen 2035. Amma kari da baitocin suna nan da kariyarsu har ƙarshen 2069. Saboda haka yaron da ya yanko muryar Shata ya ɗora mata ganga ta zamani yana cewa ai tsohuwar waƙa ce, ya sani akwai magada, kuma haƙƙi irin wannan ana gadonsa kamar gona.

Wannan rabon shi ke warware wata hujja da ake yawan ji a situdiyo: "Ni ban yanko ba, da hannuna na sake bugawa." Wanda ya saurari waƙar fim ɗin Indiya ya sake buga karinta a fiyano ya tsallake haƙƙin naɗi, amma haƙƙin kari na nan a wuyansa. Nisan ƙasa ba ya wanke shi, domin Najeriya ta shiga yarjejeniyar Berne a 1993, Indiya kuma ta daɗe a ciki, kuma kowace ƙasa da ke ciki ta yarda ta kare aikin baƙo kamar na ɗan gida.

Abin da ba na kowa ba shi ne salo. Ba wanda ya mallaki kiɗan ƙwarya ko kiɗan dambe, ba wanda zai hana ka sa kalangu a waƙarka don wani ya riga ka. Takamaiman kari da takamaiman naɗi ake karewa.

Izini ka saya, ba kayan ba

Wanda ya kama hayar shago a Kantin Kwari yana da makulli, yana cinikinsa, riba tasa ce. Amma ba zai sayar da shagon ba, ba kuma zai yanka makullai ya raba wa abokai su ma su zuba kaya ba. Lasisin samfur haka yake. Ka biya ne don a bar ka ka yi amfani da sautin bisa sharaɗi, mallaka na nan wurin mai shi.

Mafi yaɗuwa shi ne lasisin biya-sau-ɗaya, irin na shafukan Splice da Loopmasters. Ka biya, ka sauke sautin, ka sa a waƙa, ka sayar da waƙar, ba wanda zai zo neman royalti, wato kason da ake cire wa mai haƙƙi daga abin da waƙa ke kawowa. A tallarsu akwai kalmar "firi", kuma ita ta fi yaudarar mutane. Ba kyauta take nufi ba, nufinta babu kason baya. Sharuɗɗa biyu ke tafe da irin wannan lasisi kusan ko'ina. Na farko, ba kai kaɗai aka sayar wa ba, sarewar da ka saya wani a Legas ko Nairobi ma ya saye ta. Na biyu, ba ka da ikon raba sautin tsurarsa ko sake sayar da shi. Izinin na wanda ya biya ne, ba ya bin fayil ya shiga filashi. Ko da ogan mai kiɗan nan da kuɗinsa ya sayi foldar, yaransa da jikokinsa na sana'a da suka gaje ta ta Xender ba su gaji komai ba sai sautin.

Akwai na kyauta na gaskiya, irin waɗanda ake samu a Freesound ƙarƙashin lasisin Creative Commons. Su ma iri-iri ne. Wani an sakar wa duniya ba sharaɗi, wani dole ka ambaci sunan mai shi, wani kuma an hana yin kasuwanci da shi. Na ƙarshen nan ne ke kama mutanenmu. Waƙar biki da ango ya biya kasuwanci ce. Waƙar ɗan takara kasuwanci ce. Tallar mai maganin gargajiya a rediyo kasuwanci ce, haka ma bidiyon da YouTube ke sa wa talla.

Sai hayar kiɗa sukutum, wadda matasa masu hip-hop suka fi sani. A shafuka irin su BeatStars, mai kiɗa kan ba da hayar kiɗa ɗaya ga mutane da yawa a farashi mai sauƙi, ya ƙayyade yawan sauraro ko sayarwa, wani lokaci har da wa'adi da adadin bidiyo. Wanda ke son kiɗan ya zama nasa shi kaɗai sai ya biya mai tsada. Labarin waƙar "Old Town Road" ya isa misali. Lil Nas X ya sayi kiɗanta dala 30 daga wani matashi ɗan ƙasar Holan mai laƙabin YoungKio, ashe a cikin kiɗan akwai samfurin da aka yanko daga wani aikin ƙungiyar Nine Inch Nails ba tare da izini ba. Waƙar ta yi mako 19 a saman jadawalin waƙoƙin Amurka na Billboard a 2019, kuma sai da aka koma aka daidaita da masu samfurin, aka sa sunayensu cikin mawallafanta. Rasit ɗin dala 30 bai rufe wannan ramin ba, domin mai sayarwa ba ya iya ba ka abin da shi ma ba nasa ba ne.

Wanda kuwa ya nace sai ya yanko daga waƙar da ta fita, ƙofa biyu zai ƙwanƙwasa: ta mai naɗi da ta mai kari. Babu tsayayyen farashi. Akan nemi kuɗi a hannu, a nemi kaso a waƙar, kuma suna da ikon cewa a'a ba tare da sun faɗi dalili ba.

"Ai sakan biyar ne kawai"

Wasu na cewa in abin da aka yanko bai wuce sakan biyar ba, babu laifi, amma babu wannan ƙa'ida a dokar Najeriya. Ba ta ƙidaya sakan, abin da take dubawa shi ne ko an ɗauki aikin duka ko wani sashe mai muhimmanci nasa, a siffarsa ta asali ko a wata siffa da za a gane daga can ta fito. Amshin da duk gari ya haddace yana iya zama sakan uku, amma shi ne ran waƙar. Rage gudun sauti ko ɗaga muryarsa ba ya canza hukunci muddin kunne zai gane shi.

Ko a Amurka, inda aka fi yin shari'ar nan, kan alƙalai bai haɗu ba. A 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci kan yankin jita na sakan biyu cewa ko dai ka nemi lasisi ko ka bar yanka. A 2016 wata kotun mai daraja ɗaya da ita ta wanke Madonna kan busar ƙaho da ba ta kai rubu'in sakan ba, bisa cewa mai sauraro ba zai gane ta ba. Wanda zai jingina sana'arsa da irin wannan saɓani sai ya tanadi kuɗin lauya.

Rubuta "haƙƙin mallaka na masu shi ne" a ƙasan bidiyo ma ba izini ba ne, shaida ce kawai cewa ka san ba naka ba ne. Doka ta yi sassauci ga wasu abubuwa, kamar nazari da sharhi da ba da labari da kwaikwayon barkwanci, amma waƙar soyayya da aka saki don a samu kuɗi ba ta shiga wannan layin.

Masu ganin Indiyawa ba sa bibiya su tuna 2002. A shekarar mawaƙiya Truth Hurts ta fitar da "Addictive" a kamfanin Dr. Dre, an shimfiɗa ta kan muryar Lata Mangeshkar daga wata waƙar fim da Bappi Lahiri ya tsara. Kamfanin Saregama na Indiya, mai haƙƙin waƙar fim ɗin, ya shigar da ƙarar neman dala miliyan 500, shi kuma Lahiri ya samu umarnin kotu a 2003 na dakatar da sayar da waƙar har sai an sa sunansa.

Me ya sa sai yanzu?

Aron kari ba baƙon abu ba ne a garin nan. Mutanen da suka tashi da kallon Indiya a Plaza da Marhaba da El-Dorado sun fito da karin a bakinsu, 'yan mandiri suka juya wasu zuwa bege, masu fim suka juya wasu zuwa soyayya. A lokacin kasuwar a Ƙofar Wambai da Bata take, kaset ne da faifai, kuɗin a nan yake juyawa. Wane ne zai taso daga Mumbai ya bi rumfa-rumfa yana sauraro?

Yanzu kasuwar ta koma gidan wasu, kuma mai gadin gidan na'ura ce. Tun 2007 YouTube ke da tsarin Content ID: masu haƙƙi suna ajiye aikinsu, na'ura ta ɗauki tambarin sautin, duk bidiyon da aka ɗora ta gwada shi da abin da ke ajiye. In ta ga daidaito, mai haƙƙi ya zaɓa: ya toshe, ya kwashe kuɗin talla, ko ya zuba ido kawai. Wannan iƙirari ne, ba ya kashe tasha. Wanda ke kashewa shi ne in mai haƙƙi ya nemi a sauke bidiyon a hukumance, a ba ka gargaɗi, kuma gargaɗi uku na iya rufe tashar da ka yi shekaru kana ginawa.

Na'urar ba ta karanta lasisi, kuma a nan zalunci ke shigowa. Mutum biyu sun sayi lup ɗaya da halalinsu, ɗaya ya riga ya sa waƙarsa a Content ID ta hannun kamfanin rarraba waƙa, sai na'ura ta kama na biyun a matsayin ɓarawo. Ƙa'idar YouTube ta hana a yi rajistar abin da ba kai kaɗai ke da shi ba, amma ana yi. Mai rasit zai ƙalubalanci iƙirarin, a ba ɗaya ɓangaren kwana 30 ya amsa. Mai filashi ba shi da abin nunawa ko da shi ne ya riga kowa amfani da sautin.

A lura kuma, takardar Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ba lasisin haƙƙin mallaka ba ce. Ita tarbiyyar abin da ke cikin waƙa take dubawa. Haƙƙin mallaka na tarayya ne, yana ƙarƙashin Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, shari'arsa kuma a Babbar Kotun Tarayya ake yi.

Masu cewa a bar mu, da masu cewa a biya

Masu kiɗa suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Da dala ake biyan lasisi, su kuwa da naira ake biyansu, a kan aikin da mawaƙi ke zuwa yana roƙon ragi. Sun ƙara da cewa waƙar Hausa da aro ta girma: kari na yawo daga bakin makaɗi zuwa bakin makaɗi, yaro ya gaji amshin ubangidansa ba wanda ya ce ya yi sata. Na yarda da rabin maganar. Makaɗin da ya ari kari a da, a gaban jama'ar da suka san mai shi yake yi, kuma da bakinsa da hannunsa yake sake haifar da shi. Wannan daban ne da kwafe gumin wani ka liƙa, ka sa sunanka, ka karɓi dala a kai.

Dokar ma ta san da kayan gado. Ta ware waƙoƙi da kaɗe-kaɗen gargajiya da ba a san mai su ba, ta sa ikon ba da izinin kasuwanci da su a hannun hukumar tarayya. Ta fuskar addini kuwa, duk da saɓanin malamai kan kiɗa shi kansa, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zartar a zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa. Sha'irai masu bege da ke ganin maganar ba ta shafe su ba, ta shafe su ta fuska biyu, a matsayin masu ara da kuma waɗanda ake ara a wurinsu.

Wanda ya fi asara yana cikin gari

Kamfanin waje ba ya asarar komai a kanmu, na'ura na karɓar masa. Mai asara shi ne makaɗin kalangun da aka kira situdiyo, aka sallame shi da kuɗin mota, bugunsa ya zauna a folda ya shiga waƙa hamsin. Ita ce 'yar amshin da aka yanke guɗarta ana liƙawa a kowace waƙar biki. An yi irin wannan a Amurka: bugun gangar Gregory Coleman na ƙungiyar The Winstons, wanda bai wuce sakan 7 ba a wani faifai na 1969, ya shiga dubban waƙoƙi, shi kuwa ya rasu a 2006 bai ci royaltinsa ba.

Tsakanin mawaƙi da mai kiɗa ma a kan amana ake tafiya, har ranar da waƙa ta fashe. A doka, asalin haƙƙi na wanda ya ƙirƙira ne, kuma sayar da shi ɗungurungum ko ba wa mutum ɗaya izini shi kaɗai ba ya tabbata sai a rubuce. "Ai na biya kuɗin situdiyo" ba ta isa ta hana mai kiɗa sayar wa wani kiɗan gobe ba. Haka in an je rajista wurin masu karɓar royalti irin su MCSN, ko wurin kamfanin da zai kai waƙa Spotify da Boomplay, sunayen da aka rubuta su ake biya, kuma mai ɗora waƙar ne ke sa hannu cewa duk abin da ke cikinta yana da izininsa. In rigima ta tashi, shi za a fara kamawa, ba mai kiɗan ba.

A situdiyon can, da aka bi diddigi, sarewar daga wata waƙar fim aka yanko ta tun shekarun baya, ba daga ƙunshin saye ba, don haka babu abin ƙalubalanta. Aka cire ta, aka nemo wani dattijo mai busa ya zo ya hura sabon kari nasa. Na ce a rubuta takarda. Rabin shafi ce: sunan waƙar, abin da aka biya shi, cewa izinin na wannan waƙa ce kaɗai, za a sa sunansa, kuma ba za a ajiye busar a folda don wani aiki ba sai an koma gare shi. Mai kiɗan ya karanta layin ƙarshe sau biyu, ya ce, "Kawu, wannan fa ka hana ni abin da zan bar wa yarana." Ya dai sa hannu. Tsohon bidiyon na nan a YouTube, ya fi sabon masu kallo nesa ba kusa ba, kuma kuɗin tallarsa har yau can yake tafiya.